Labarin Duniya: Ɗamarar Japan da majanyin Dungas

A gabas mai nisa akwai ƙasar Japan. Rigarsu ta gargajiya sunanta kimono. Ba ta da maɓalli. Ɗamara ce ke riƙe ta, suna ce mata obi.

Ta maza siririya ce, faɗinta kamar santimita 10. Ta mata, ta ranar biki, faɗinta santimita 30, tsawonta ya kai mita 4, wato kamu 8. Mace tana naɗa ta a ƙugu, ta ƙulla a baya. Mai tsada da alharini ake saƙa ta. A birnin Kiyoto akwai unguwar masaƙa, Nishijin, wadda ta fi shekara 500 da wannan suna. Har yau ana saƙa a can, domin mutanen ƙasar suna saye. Uwa takan adana obi, ta bar wa ɗiyarta. Tun da can kuma matan Japan suna goyon ƴaƴansu a baya da ɗamara mai taushi.

Matan Dungas, Malawa, Guci da Magarya sun san wannan. Nasu shi ne majanyi. Aikinsa ya fi na ado nauyi, domin rai yake riƙewa. Uwa tana daka da goyo. Tana zuwa rijiya da goyo. Tana hawa amalanke ko babur da goyo.

Majanyin da, tsofaffi ke kaɗa zarensa da mazari, masaƙi ya saƙa. Yana da kauri, ƙullinsa ba ya zamewa. Yanzu yadin leda mai santsi ya cika kasuwa. Yana da araha, amma yana kwancewa, yana tara zufa, kuma idan wuta ta taɓa shi sai ya narke a jiki.

Saboda haka ga shawara. A zaɓi majanyin auduga. A duba shi kullum. Wanda rana ta cinye a canza shi. A yi ƙulli biyu. Kada a rufe hancin jariri. Kada a duƙa bakin rijiya ko murhu sai an tabbata ƙulli ya kama.

Maigida ma da nasa aiki. Idan ya sayar da gyaɗa ko ridi, ya tuna da majanyi. Ya nemi na masaƙin garinsu. Yaro ya tsira, sana'a ta rayu, kuɗi ya zauna gida. Rigakafi ya fi magani.