Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Buga Rubutu a Kwamfuta: Ina Saitinku Yake Kwana?



Zuwa ga ƙannena da 'ya'yana masu shagunan buga rubutu, na bakin jami'o'i da kwalejoji, na gefen kotuna da sakatariyoyi, da waɗanda ke zaune a ɗakunan tsara littattafai. Ina gaishe ku da aiki. Ya kasuwa, ya haƙuri da wuta?

Yabonku ba ya buƙatar dogon bayani. Hannunku ya fi namu sauri, kuna karanta rubutun ɗalibin da ko malaminsa ba ya iya karantawa, kuna fitar da furojet mai babi biyar cikin dare ɗaya da ƙarar janareto a kunnenku. Allah ya yi albarka. To, na biya wannan haƙƙi, bari in shiga abin da ya dame ni.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a shagunanmu. Mutum ya kunna kwamfuta da safe, ya buɗe Word, sai ya fara gyara daga tushe kamar yau aka sayo ta. Ya mai da takarda daga Letter zuwa A4. Ya sauya haruffa daga Calibri mai girma 11 zuwa Times New Roman mai 12. Ya gyara tazarar layi, ya gyara gefen takarda. In aiki na Hausa ne aka zo kan ƙ, sai ya saki madannai ya kama maus, ya shiga Insert, ya shiga Symbol, yana gangarawa cikin teburin alamomi yana lalube, mai aiki na zaune a benci yana duban agogo. Wani ma tsohon fayil yake buɗewa ya kwafo ƙ guda ɗaya, ya yi ta liƙa ta har yamma. Gobe haka, jibi haka. In ka yi magana sai a ce, "Baba, ai na taɓa saitawa, gogewa take yi." Ko a ce, "Injin ne ba ya riƙe saiti."

Injin yana riƙewa. Ku ne ba ku taɓa tambayar inda yake ajiyewa ba.

Duk lokacin da ka buɗe farar takarda a Word, daga wani fayil guda ake yanko ta. Har zuwa Word 2003 sunansa Normal.dot, daga 2007 ya koma Normal.dotm. Girman takarda da nau'in haruffan da kake so su zama na kullum, gajerun maɓallan da ka ɗaura wa alamomi, da makiro ɗin da ka naɗa, duk a cikinsa suke kwana. In kana son ganinsa da idonka, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %appdata%\Microsoft\Templates, ga shi nan a zaune. Wanda ya gyara takarda ya danna OK kawai, aikin da ke gabansa kaɗai ya gyara. Wanda ya danna Set As Default ya yarda a sa wa duk takardun da za a yanko daga Normal, shi ne ya gyara shagonsa. Tazarar da ke tsakanin maɓallan nan biyu ba ta kai tsawon yatsa ba, amma na san masu shekara goma a sana'ar nan da ba su taɓa taɓa na biyun ba.

Haka maganar haruffa masu ƙugiya. A cikin tagar Symbol ɗin nan da kuke shiga kullum, a ƙasa, akwai Shortcut Key. Zaɓi ƙ sau ɗaya, ka ɗaura mata maɓalli, misali Alt da K, ka yi wa ɗ da ɓ haka, da manyansu, da ƴ ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ta. Tagar za ta gaya maka in maɓallin yana da mai shi, kamar Alt da Shift da D da ke saka kwanan wata, sai ka yanke shawara ko za ka ƙwace. Amma ku dubi ɗan akwatin da aka rubuta Save changes in. A nan mutane da yawa ke faɗuwa. In sunan takardar da kake bugawa ne a ciki, to gajerun maɓallan naka sun bi wannan takarda, mai ita ya tafi da su gida a filashinsa. Sai Normal.dotm ne a akwatin za su kwana a shago.

Saura matsalar da ta fi shafar mu a ƙasar nan. Galibi Word ba ya rubuta waɗannan canje-canje cikin Normal sai lokacin da aka rufe shi rufewa ta ƙa'ida. Ka yi saiti da hantsi, ka ci gaba da aiki, da azahar a ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu a tsaye: saitin ya tafi, domin bai taɓa sauka a fayil ba. Maganinsa ba ya cin ko kwabo. Da ka gama saiti, kafin ka karɓi aikin kowa, rufe Word gaba ɗaya, ka sake buɗewa, ka gwada. Sannan ka shiga Options, sashen Advanced, ka kunna zaɓin da ke sa ya tambaye ka kafin ya adana Normal. Amfaninsa biyu ne: za ka san ranar da saitinka ya shiga, za ka kuma san ranar da wani abu da ba kai ka sa ba yake neman shiga.

Layin kayan aiki kuwa, a nan ne muka ga sauyin zamani. Mu da muka yi aiki da Word 97 zuwa 2003, layukan maɓallai a hannunmu suke. Ka ja wannan ka ajiye can, ka ƙirƙiri layinka na kanka, duk ya shige Normal.dot. Da 2007 ta zo da faffaɗan layin nan da ake kira Ribbon, sai aka bar mana ɗan siririn layi guda a sama, Quick Access Toolbar, shi kaɗai muke iya taɓawa. Ban ji daɗi ba a lokacin, har yau kuma ina ganin an rage wa ma'aikaci iko da kayan aikinsa. Amma a 2010 an dawo da wani abu, an yarda mutum ya shirya Ribbon ɗin ma. Abin lura shi ne wannan shiri ba a Normal yake zama ba. Fayil ɗinsa daban ne, Word.officeUI, a folda daban. Shi ya sa za ka ga bayan wani gyara maɓallin da ka ɗora yana nan a sama, ka danna, Word ya ce bai ga makiro ɗin ba: maɓallin ya tsira, abin da yake kira ya tafi da tsohon Normal. A inda ake shirya Ribbon akwai Import/Export. Danna shi, ka fitar da shirinka cikin ɗan fayil guda, ka haɗa shi da kwafin Normal.dotm da CUSTOM.DIC, wato ƙamus ɗin kalmomin da ka koya wa injin, ka zuba su a filashi, ka aika wa kanka ta imel. Aikin minti biyar ne.

Minti biyar, amma sai ranar da aka kai kwamfuta wurin mai gyara aka yi mata fomatin ake tunawa. Ba na ganin laifin masu gyara sosai. Tun zamanin bairos ɗin makiro, irin su Concept a 1995 da Melissa a 1999, waɗanda ke maƙalewa a Normal.dot su bi kowace takarda, aka koya musu cewa in Word ya rikice a share fayil ɗin, injin zai ƙirƙiro sabo fil. Gaskiya ne zai ƙirƙiro, amma babu komai naka a ciki. Mai gyara bai san ka yi shekara uku kana tara saiti ba. Kai ne ka sani, kai ya kamata ka ce masa ya sauya wa fayil ɗin suna maimakon sharewa. Masu kafe da ke sa manhajar daskarar da kwamfuta, irin Deep Freeze, su ma su sani cewa duk abin da aka saita tana daskare zai ɓace da an sake kunnawa. Sai an sassauta ta, a yi saiti, a mayar. Haka kuma kowane asusun shiga Windows da nasa Normal, don haka saitin maigida ba ya bin yaron da ke shiga ta wata ƙofa.

Ina tuna magabatanmu a wannan sana'a. Tun da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Abubakar Imam na editanta, har aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, mutanen da ba a rubuta sunayensu a bangon littafi ba su ne ke jera haruffan dalma. Mai jera haruffa da hannu yana da akwatin katako mai gida-gida, kowane harafi da gidansa, hannunsa na zuwa gidan ba sai ya duba ba. In an gama bugu, ba a tashi sai an warware shafin an mai da kowane harafi inda yake, saboda wanda zai zo aiki da safe. Layin kayan aikinka shi ne akwatinka. Wanda ya koya mini tafireta bai taɓa barin yaro ya tashi ba sai ya goge haruffa da buroshi, ya mai da ma'aunin gefen takarda inda aka saba, ya rufe injin. Kuma da yake tafiretarmu ba ta da ƙugiya, in mun gama shafi sai mu bi shi da biro, k bayan k, d bayan d, muna lanƙwasa musu kai da hannu. A takarda mai kwafi uku, sau uku. Ba wanda ya biya mu ƙarin kuɗi a kan haka, ba kuma wanda ya ɗauka za a iya miƙa aiki ba tare da an yi ba.

Wannan ya kawo ni ga laifi na biyu, wanda daga na farko ya tsiro, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. In saiti ya ɓace, laluben ƙ ya ishe ku, sai ku yar da ƙugiyar gaba ɗaya. Katin ɗaurin aure ya fito da "daurin aure", takardar sayen fili ta fito da "kasa", littafin 'yan firamare ya fito babu ƙugiya ko ɗaya, yaro ya tashi yana ganin haka ake rubutu. In aka yi ƙorafi ku ce ai ana ganewa. Wa ya ba ku wannan izini? Mai aiki ya kawo rubutunsa da ƙugiyoyinsa, ya biya kuɗin shafi cikakke, kun mayar masa da shi a gurgunce. Tauye mudu ne, ba ni da wani sunan da zan kira shi.

Wasu kuma suna maƙale da tsofaffin nau'o'in haruffa na shekarun 1990. Ina girmama wannan aiki. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya fitar da nau'o'in Rabi'at da Abdalla a lokacin da kwamfuta ba ta san da zaman Hausa ba, kuma littattafai masu yawa sun fito albarkacinsu. Amma dabarar wancan zamani ita ce a ɗora hoton ƙ a kan wani maɓalli, q ko wata baka, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Da fayil ya bar kwamfutarka ya isa inda babu wannan nau'i, sai a ga "qasa" da "xaya", ko "}asa" da "]aya". Yau kowane harafinmu yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Ko a kwamfutar aro ka zauna, rubuta lambar a Word ka danna Alt da X, harafin zai fito, kuma zai isa wayar mai karatu yadda ka buga shi. Windows ma yana da madannan Hausa ga mai son kunnawa. Uzurin ya ƙare tuntuni.

Ga wani ƙaramin abu da ke tona asirin shagon da ba a saita ba. Buga kalmar 'ya'ya, Word zai juya alamar farko ta koma ta buɗe zance, ta fuskanci inda bai dace ba. Ku duba katunan biki da ke yawo, za ku gan ta a juye. Danna Ctrl da alamar, ka sake danna alamar, za ta fito daidai. Ko ka ɗaura mata nata maɓalli cikin Normal ka huta.

Na yi zafi, ku yi mini afuwa. Na san kuɗin shafi bai taka kara ya karya ba, man janareto na cinye ribar, kuma da yawanku ba wanda ya zaunar da ku ya nuna muku waɗannan abubuwa. Shi ya sa ragowar maganata ga iyayen gida take. Wasunku sun san duk abin da na faɗa, har fiye, amma kun ɓoye a kwamfutarku ta kusa da taga, yara na fama a sauran. Tsoron kada yaro ya ƙware ya buɗe nasa shago ne? Zai buɗe ko kun koya masa ko ba ku koya ba, kuma in ya buɗe za a tambayi a hannun wa ya koya. Ku yi saiti guda, ku zuba shi a kowace kwamfuta da ke shagon, maɓallin ƙ ya zama ɗaya a duk kujerar da yaro ya zauna. Masu aiki da LibreOffice su ma suna da foldar saitinsu, mai suna user, a cikin %appdata%\LibreOffice\4. A kwafe ta ɗungurungum.

Ku yi wannan kafin lokacin furojet ya kama, don in ɗalibai suka cika benci ba wanda zai sami sukunin buɗe Options. Ku rubuta kwanan wata a jikin foldar da kuka ajiye, ku sabunta ta duk sanda kuka ƙara wani maɓalli, kuma a bar filashin a aljihun maigida, kada a haɗa shi da wanda ake karɓar aikin mutane da shi.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare muku idanunku da bayanku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai buga rubutu