Waya a hannu, karatu babu: Gidigir na jiran rabonta

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara da shekaru ke nan mahukuntan Yamai na yi mana albishir cewa intanet na tafe har ƙauye. A shekarar 2017 aka kafa hukumar ANSI don ta ja ragamar wannan aiki, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin da aka raɗa wa suna Villages intelligents, da niyyar kai rezo ga ƙauyuka fiye da dubu biyu. Madalla. Amma wa ya fafe goran? Wa ya koya wa talaka yadda zai ci moriyar abin da ake kawo masa?

Mu ɗauki Gidigir, a gundumar Gure, bisa babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa. Gari ne na kasuwa. Manga da Bahaushe da Bafillace da Tubawa na haɗuwa a cikinta, wannan da raƙuma da awaki, wancan da kanwa ko dabino ko hatsi. Rayuwar ɗan kasuwar nan ta rataya ga labari biyu: nawa dabba ta yi a Maigatari, kuma nawa ake canjin naira da sefa a yau. Wanda ya riga jin labarin shi ke da riba, wanda ya makara shi ke biyan ta.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. Jenny Aker, wadda ta koyar a jami'ar Tufts ta Amurka, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa. Ta gano cewa inda waya ta isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Kira kawai ke nan, tun kafin a san WhatsApp.

To, yau fa? Waya ta cika aljihu, amma manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar nan ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mata kuwa sun fi zama baya. Dillalin da ke juya miliyoyi sai ya miƙa wayarsa ga yaron da ke cajin batir ya karanta masa saƙon kuɗi, har lambar sirrinsa ya faɗa masa. Tsohuwar da ɗanta ya aiko wa kuɗi daga Libiya ba ta san nawa aka turo ba, sai abin da aka danƙa mata. Ɗan damfara ya buga waya ya ce ka ci kyauta, ka tura masa lamba, jari ya tafi. Saƙon murya ya rage wahala, gaskiya ne, sai dai murya ba ta karanta rasit, ba ta kuma bambanta labarin gaskiya da jita-jitar da ke iya tada fitina tsakanin manomi da makiyayi.

Abin takaici, maganin a gidanmu aka gwada shi. A 2009 da 2010, ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da shirin ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram. Azuzuwan yaƙi da jahilci ne, da Hausa da Zabarmanci, sai dai a rabin ƙauyukan an haɗa da koyon aiki da salula. Waɗanda suka koya da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake: wanda ya bar aji ya jingine allo sai ya manta, wanda ke aika saƙo kullum kuwa darasinsa na aljihunsa.

Saboda haka kiranmu ga hukuma shi ne, cikin kowane kuɗin da za a zuba wa eriya da igiyar intanet, a ware kaso bayyananne domin koyar da manya. A buɗe aji a bakin kasuwar Gidigir, da Hausa da Manganci, da awoyi na musamman ga mata, da faifan hasken rana na caji. Tun da a watan Maris na 2025 aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, da wace hujja saƙon kamfanonin waya da na aika kuɗi zai ci gaba da zuwa wa makiyayi da Faransanci?

Ku ma ƴan kasuwa, kada ku naɗe hannu. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin gyaran rumfa ba za ta gaza biyan malami guda ba. Ku kuma ma'aikata, mushen lakkwal da malamin asibiti da na dabbobi, da harajin waɗannan mutane aka karantar da mu. Awa biyu a mako ba za ta karya kowa ba, bashi ne ake biya.

In aka bar lamarin haka, rezo zai cika gari, riba kuwa ta tsaya ga ƴan tsirarun da suka yi boko, talaka ya ci gaba da sayen kati yana kallon hotuna. Kowa ya gyara ya sani. Allah ya sa masu kunne su ji.