Dandalin 'Yan Mata: Hatimin Silifa a Kogon Kuka

Wata ɗaliba daga Gagarawa ta rubuto tana tambaya, wai da gaske ne Turawa na ɓoye akwati a daji don wasa? Da gaske ne. A 1854 wani ɗan jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can cikin dajin Dartmoor na Ingila, duk wanda ya kai wurin ya jefa katinsa. Daga baya abin ya koma akwati mai littafi da hatimin roba sassaƙar hannu: ki buga nasu a littafinki, ki buga naki a nasu. A 1998 mujallar Smithsonian ta ba da labarin, wasan ya bazu a Amurka.

Allah sarki, tambayar ta tuna min aminiyata. Muna aji uku a Gumel aka cire ta, aka mayar da ita ƙauyensu wajen Sule Tankarkar, an sa mata rana. Babanta ya hana ta hulɗa da 'yan boko. Ni kuwa ina hutu gidan kakata a ƙauyen kusa, sai muka ɓoye gwangwanin madara a kogon kuka, hanyar rijiya. Kowacce ta sassaƙa hatimi da reza a tsohon silifa, muna dangwala tawadar allo. Nawa kifi, nata tauraro mai gutsurarren ƙafa, inda reza ta zame.

Ashe wani da ta ƙi yana laɓe. Ya rubuta wasiƙar soyayya da sunanta, ya kai wa baban ango ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wai a kukar ya tsinta. Aure ya tashi lalacewa.

Wallahi jikina na ɓari na kwashi wasiƙunta duka na durƙusa gaban babanta, na san asirinmu zan tona. Aka karanta masa, ba komai sai gaisuwa da darasin lissafi. Kowacce da tauraronta, ta ƙaryar babu. Ya jima shiru, sannan ya ce, "Tashi 'yata, Allah ya yi miki albarka." Aka ɗaura aure.

To ƙannena, ko a takarda ko a WhatsApp, kada ki rubuta abin da ba za a iya karantawa gaban Baba ba. Sai fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
Anti