Ba kowane tari ne tarin fuka ba

Cikin ciwon daji duka, na huhu ya fi kisa: mutum wajen miliyan 1.8 a 2022, in ji OMS. A Turai da Amurka an ci gaba sosai. Ana yi wa waɗanda suka daɗe suna shan taba hoton sikana tun ba su fara jin komai ba, ga ƙwayoyin da ke kai hari kan canjin EGFR, ga magungunan da ke ta da garkuwar jiki.

Mu nan fa? Mutum na tari, yana rama, sai a ɗora shi kan maganin tarin fuka wata shida. Kafin a farga, ciwon ya bazu. Na'urar gashi kuwa sai CNLC a Yamai, ita ma tun 2021 kawai. Ɗan Damagaram sai ya ci kilomita wajen 900, ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya.

Buƙatarmu ba ta da tsada. In gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba, ko an sha magani tarin bai lafa ba, CSI ta tura mutum hoton ƙirji nan take. Ku ma, in tsohonku ne, ku nemi takardar turawa kafin ku bar wurin.