In Fetur Ya Shaƙe Injin Mota

Da safiyar hunturu mukan ga an tayar da mota don a ɗan matsar da ita, a kashe nan take. An jima a murza makulli, injin ya yi ta juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, ga warin fetur. Sai mu ɗora wa batir laifi, alhali mai ne ya yi yawa.

Mun koya a ajin kimiyya cewa wuta ba ta ci sai da iska. Injin fetur na son kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Idan injin ya yi sanyi, kwamfutar mota kan ƙara mai. In aka kashe shi bai ɗumama ba, man ya jiƙa fulogi, tartsatsi ya gagara.

Mu gaya wa direban gidanmu ya take totur har ƙasa, ya riƙe, ya murza makulli na daƙiƙa 10. A yawancin motoci masu injekta, hakan na sa kwamfuta ta tsayar da mai, iska ta busar da fulogi. Da ta kama, ya saki totur. In ta ƙi sau 3, a kira makaniki kafin batir ya mutu. Kada kowa ya kusanto da wuta.