Amanar Marubuci a Littattafan Binciken Kisa na Birtaniya

Littafin binciken laifi irin na Birtaniya yana da fasalin da ake gane shi da shi tun daga shafukan farko. Ana tsintar gawa a wuri killatacce: gidan wani attajiri a ƙauye, ko jirgin ƙasan da ƙanƙara ta tare wa hanya, ko tsibirin da ba shiga ba fita. Waɗanda ake zargi ba su da yawa, kuma kowannensu yana da abin da yake ɓoyewa. Sai mai bincike ya shigo ya yi ta tambayoyi yana duba ƙananan abubuwa, a ƙarshe ya tara kowa wuri ɗaya ya warware zare da abawa.

Wannan salo ya taso ne tare da aikin ɗan sanda na zamani. An kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, aka buɗe mata sashen masu bincike a 1842, jama'a suka fara sha'awar mutumin da sana'arsa gano mai laifi ta hanyar hujja. A 1868 Wilkie Collins ya wallafa The Moonstone, labarin satar wani lu'ulu'u da aka kwaso daga Indiya, wanda masana da dama ke ɗauka a matsayin tushen wannan fanni a Ingila. Amma wanda ya kafa masa suna a duniya shi ne Arthur Conan Doyle, likitan da ya yi karatu a Edinburgh, wanda ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Doyle ya ɗauko ɗabi'ar Holmes daga malaminsa Joseph Bell, wanda yakan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa tun kafin ya buɗe baki.

Abin da ya kama zuciyar masu karatu a wurin Holmes shi ne yadda yake karanta abin da kowa ke gani amma ba ya lura da shi. Ranar da ya fara haɗuwa da Watson, wanda ya zama abokinsa, ya gane cewa daga Afganistan ya dawo, don fuskarsa ta ƙone da rana alhali wuyan hannunsa fari ne, ga rama irin ta wanda ya sha jinya, ga hannun hagu da ya riƙe a sandare. A wani labari na 1892, an fitar da dokin sukuwa daga barga cikin dare, karen da ke gadi kuma bai yi haushi ba. Kowa na neman abin da ya faru, Holmes ya tsaya a kan abin da bai faru ba: kare ba ya yi wa wanda ya sani haushi, don haka mai ɗaukar dokin na gida ne. Mai karatu yana isa nan ya ji kamar an buɗe masa taga, domin hujjar tana gabansa tun farko. Da Doyle ya gaji ya kashe Holmes a 1893, masu karatu sun yi masa caa har ya dawo da shi.

Nan ne ainihin daɗin waɗannan littattafai yake, wato amana tsakanin marubuci da mai karatu. Wasa ne irin na kacici-kacici, kuma kacici-kacici ba ya daɗi idan mai bayarwa ya ɓoye rabin tambayar. Marubutan shekarun 1920 da 1930 sun ɗauki wannan da gaske har suka yi masa dokoki. Ronald Knox, wani limamin Katolika, ya jera ƙa'idoji goma a 1929: dole a ambaci mai laifin tun da wuri, ba aljanu ba tsafi, ba gubar da kimiyya ba ta sani ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gano sai an nuna wa mai karatu ita. A 1930 suka kafa ƙungiyar Detection Club, G. K. Chesterton ya zama shugabanta na farko. Marubucin da ya yarda ya ɗaure hannunsa haka ya girmama hankalin mai karatunsa, abin da ba kowane mai ba da labari ke yi ba.

Ba wanda ya kai Agatha Christie iya wannan wasa. Ta fara da The Mysterious Affair at Styles a 1920, inda ta gabatar da Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam, ta kuma rubuta littattafan bincike 66 kafin rasuwarta a 1976. Gwanintarta ita ce ta ajiye gaskiya a fili ta ja idon mai karatu wani gefe. The Murder of Roger Ackroyd na 1926 ya tayar da gardama, wasu suka ce ta yi maguɗi, amma duk wanda ya koma ya sake karantawa zai tarar ba ta yi ƙarya ko a jimla ɗaya ba. Ta kuma san guba ciki da waje, don ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Bayanin da ta yi na gubar taliyom a The Pale Horse ya yi daidai har a 1977 wata ma'aikaciyar jinya a Landan, da ke karanta littafin, ta gane alamomin gubar a jikin wata ƙaramar yarinya da ciwonta ya gagari likitoci, aka ceto ranta.

Akwai kuma Miss Marple ta Christie, tsohuwar da ke saƙa a ƙauyen St Mary Mead, wadda ba ta da makami sai sanin halin ɗan Adam. Labaranta suna nuna cewa mai kisa ba kasafai yake zuwa daga nesa ba. Yana cin abinci a tebur ɗaya da mamacin, dalilinsa kuma gado ne ko kishi ko tsoron tonon asiri. Ga al'ummar da ta binne samarinta dubu ɗaruruwa a yaƙi ba tare da wanda za ta tuhuma ba, labarin mutuwa ɗaya tak da ake bin kadinta har a kama mai laifi ya zama abin kwantar da rai.

Littattafan suna da aibunsu. Barori a cikinsu kamar kayan ɗaki suke, baƙi 'yan wasu ƙasashe kuma sau da yawa ana zana su da raini irin na zamanin mulkin mallaka. Marubutan da suka biyo baya sun gyara wasu daga ciki: P. D. James daga 1962 ta sa kisa ya zama mai ciwo na gaske, Colin Dexter ya kai Sufeto Morse birnin Oxford a 1975, Ian Rankin kuma ya shiga lungunan Edinburgh da mai bincikensa Rebus a 1987. Masu karatu a Najeriya da dama ta hannun James Hadley Chase suka shiga fannin, shi ma ɗan Ingila ne, sai dai yawancin labaransa a Amurka ya girke su, da bindiga da tseren mota, kuma ba su bin ƙa'idar nuna wa mai karatu kowace hujja kafin a kama mai laifi.