Abin Hawa Mai Lantarki: A Fara Da Cajin Hasken Rana

Mun yarda abin hawa mai lantarki yana rage kuɗin mai, amma a Birnin Kudu da Gwaram ribar tana ga wanda ke caji da hasken rana. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan acaɓa kan wuni yana fafutuka, da yamma ya miƙa kaso mai tsoka na cinikinsa ga gidan mai. Wutar KEDCO ba ta tsayawa, wanda kuwa ya kunna janareta don cajin batir bai rabu da fetur ba. Ga farantan sola da batir sun fi ƙarfin talaka.

Don haka ya kamata gwamnatin Jigawa ta gina wuraren caji na sola a tashoshin mota da kasuwar Sara, ta ba 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu babura masu lantarki bashi, su biya a hankali.